Ajiyar Irin Barkono Da Tattasai

Bara, sa'ad da aka raba mana fangaloli a lambun makaranta, ajinmu ya sami rabon tattasai. Muka yi murna, gama kusan dukanmu 'ya'yan manoma ne, ba kuwa wanda bai taɓa ganin tattasai a bayan gidansu ba. Da aka zo maganar iri ba mu tsaya shawara ba, muka aiki ɗaya daga cikinmu kasuwa ya auno busasshen tattasai ja wur, muka farfasa, muka kaɗe ƙwayoyin, muka yafa. Muka yi ta ban ruwa safe da yamma har mako uku. Abin da ya tsiro bai isa dashen rabin fangali ba, sauran wurin kuwa ciyawa ta gaje shi. 'Yan waɗanda suka rayu muka dasa, muka yi ta lallaɓa su. Da suka yi 'ya'ya sai ga waɗansu dogaye, waɗansu gajeru, waɗansu kuwa ranar da aka sa su a miya ba wanda ya tashi bai share hawaye ba.

Akwai wani tsoho mai lambu a fadamar da ke gabas da mu, muka tafi muka gaishe shi, muka ce, "Baba, me ya ci mana iri?" Ya tambaye mu inda muka samo shi, muka faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce, "Samari, ba abin da ya ci muku iri. Ai ba iri kuka shuka ba, cefane kuka shuka." Maganar ta yi mana zafi a lokacin, amma da muka bi ta a hankali, muka haɗa abin da ya nuna mana da abin da muka karanta a darasin aikin gona, sai muka ga ba ta da gyara. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta wa 'yan'uwa abin da muka koya, domin ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantun ƙauyuka, inda za a danƙa wa kowa lambu da yara. Mu dai kunya kaɗai muka sha. Amma mutumin da ya ci bashi ya kama fadama, ya sayi taki, in irinsa ya ƙi tsirowa, ko ya fito da abin da kasuwa ba ta so, shekararsa ke nan ta tafi.

Ko da ya ke yanzu ba miyar da a ke yi ba shi, barkono baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa daga ƙasashen Amurka ne, wajen Meziko da kudancinta, inda mutane suka fi shekara 6,000 suna amfani da shi. Bayan tafiyar Kolombos ta 1492 aka kai shi Turai, sa'an nan fataken Fotugal suka yaɗa shi a gaɓar Afirka da ƙasar Indiya cikin ƙarni na 16. Kafin zuwansa, masoro da kimba da citta su ne yajin kakanninmu. To, tun daga wancan zamani har yau, abin da ya riƙe shi a ƙasar nan shi ne kowace shekara a sami wanda zai ɗebe iri ya ajiye, ya ba ɗansa ko maƙwabcinsa. Ta haka kowane yanki ya sami nasa wanda ya saba da ƙasarsa, kamar jan tattasan da a ke nomawa a bakin kogin Komadugu Yobe wajen Difa, wanda a ke kai buhunansa kasuwanni masu nisa.

Babban kuskuren da a ke yi, har ma ga waɗansu manoman da suka daɗe a kan aikin, shi ne a bar maganar iri sai ƙarshe. Tsinkar farko da ta biyu, masu manyan 'ya'ya, a kai kasuwa don su ke da kuɗi. In gona ta tsufa, ganye ya ƙanƙance, sai a tattara 'yan ragowar da ba mai saye a ce su ne iri. Wanda ya yi haka shekara biyar a jere, ya zaɓi mafi rauni ke nan sau biyar da hannunsa, sa'an nan ya dawo yana cewa ƙasa ce ta gaji. Alhali kuwa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka kuma mai rarrafe ba ya haifar mai gudu. Iri tun yana bisa uwarsa a ke zaɓensa. Mai lambu ya zaga fangalolinsa sa'ad da 'ya'yan farko suka fara ƙosawa, ya dubi tushen da ya yi ƙarfi, ganyensa shimfiɗe ba ya murɗewa, ba shi da dabbare-dabbaren rawaya, ya yi 'ya'ya da wuri, kuma siffarsu ita ce wadda a ke so. Ya ɗaura wa irin waɗannan tsumma, ya gargaɗi masu tsinka kada su taɓa su. Tushen a ke duba gaba ɗaya, gama sau da yawa mutum ya kan ga ɗa guda ƙato a jikin tushe maras kirki, ya ruɗu. Kada kuma a dogara ga tushe ɗaya komi kyansa. A ɗiba daga goma ko ashirin a gauraya, domin wani ya fi jure ƙishi, wani ya fi jure cuta, ba mu kuwa san da wace fuska baɗi za ta zo ba.

Sa'an nan sai haƙurin jira. Tattasai kore, ko da ya kai girmansa, ɗanye ne, ƙwayoyinsa ba su gama cika ba. Sai an bar shi ya rine sarai, ja ko rawaya gwargwadon irinsa, har fatarsa ta fara yin laushi, kāna a tsinke. In an tsinke ma ya fi kyau a bar shi a inuwa kwana uku ko huɗu kafin a fasa, gama ƙwayar tana ƙara ƙosawa a ciki. Wanda ya ruɓe, ko ya yi baƙin tabo mai zurfi, ko tsutsa ta huda, a yar da shi, don akwai cututtukan da ke bin ƙwaya su jira shuka mai zuwa. A nan muka gane laifin farko na tattasan kasuwa: a cikin buhu ɗaya akwai wanda ya nuna a gona, akwai wanda aka tsinka bai ƙosa ba ya yi ja a shanya, ba kuwa mai iya rarrabe su bayan sun bushe.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne zancen yajin nan da ya bayyana cikin tattasanmu, kuma a nan za mu ɗan daɗe, don mun ji ana gardama a kansa ko a ɗakin cin abinci. Furen barkono yana da namiji da mace a cikinsa, saboda haka galibi shi ke yi wa kansa barbara. Amma ƙudan zuma da sauran ƙwari su kan tashi daga wannan fure su sauka a wancan, suna ɗauke da ƙurar fure a jikinsu, ba su san iyakar gonar kowa ba. Tattasai da dogon barkonon nan da a ke kira shambo 'yan ɗaki ɗaya ne a wurin masana, sai su haɗu ba wuya. Attarugu ɗan wani ɗaki ne, haɗuwarsa da su ba ta cika sauƙi ba, ko da ya ke ta kan faru.

Mutane da yawa suna cewa in an dasa tattasai kusa da barkono, a wannan shekara zai yi yaji. Wannan ba haka ba ne. Naman ɗan tattasai jikin uwarsa ne, ƙurar da ƙudan zuma ya kawo ba ta sāke shi. Ƙwayar da ke ciki ita ce ke da uba biyu ko uku ba a sani ba. Watau mutum ya fasa tattasai mai kyau, mai sanyi, ya ɗebi ƙwayarsa da zuciya ɗaya, sai baɗi asiri ya tonu. Yaji kuwa yana da rinjaye wajen gado. Wani malamin Kirista mai suna Mendel, wanda ya yi gwaje-gwajensa da waken Turawa a garin Burno ya bayyana su a 1866, shi ya fara nuna yadda hali ɗaya ke danne wani a cikin 'ya'ya, sa'an nan wanda aka danne ya sāke ɓullowa a jikoki. Haka abin ya ke a nan. In tattasai maras yaji ya haɗu da barkono mai yaji, 'ya'yan duka za su yi yaji. In aka ɗebi irin waɗannan aka shuka, wajen kashi uku cikin huɗu za su yi yaji, kashi ɗaya ya koma sanyin kakarsa. Ga dalilin da ya sa iri in ya gauraye ba a tsarkake shi a shekara ɗaya.

Masu noman iri don sayarwa su kan raba gonakinsu da ɗaruruwan mita. Lambun makaranta ba shi da wannan fili, haka kuma fadamar da kowa ke da ɗan yankinsa jikin na wani. Amma akwai dabara mai arha. A sami ƙyalle mai shara-shara, ko yankin tsohon gidan sauro mai ƙananan idanu, a ɗinka 'yan jakunkuna, a sa wa reshen da furensa bai buɗe ba tukuna, a ɗaure bakin. Kowace safiya a ɗan girgiza reshen don ƙurar ta zuba inda ya kamata. In fure ya kaɗe, ɗa ya ƙullu, a cire jakar a ɗaura zare a wuyan wannan ɗan, don kada a manta da shi cikin 'yan'uwansa. Kada a ga kamar aikin ya yi yawa: tattasai guda mai kyau ya kan ba da ƙwaya fiye da 100, saboda haka 'ya'ya ashirin ko talatin sun ishi lambun makaranta har a ba maƙwabta. Aiki ne kuma da yara za su yi da murna, su ga da idonsu abin da littafi ke faɗa.

Wannan magana ta gado ita ce kuma ke bayan irin kanti da a ke rubuta wa F1 a jikin takardarsa ko gwangwaninsa. Shi haɗi ne da aka yi da gangan tsakanin iyaye biyu, shukar farko ta kan yi kyau ƙwarai, kai ɗaya. Ba mu ce kada a saye shi ba. Amma wanda ya ɗebi iri daga cikinsa zai ga jikoki sun watse, kowa da kamanninsa, kuma sau da yawa ba su kai iyayen yabanya ba. Mai son ya riƙa ajiye nasa, sai ya nemi irin gida wanda aka san shi yana maimaita kansa.

Fasawa ba ta da wuya. A tsaga da wuƙa, a kankare ƙwayoyin daga jikin farar cibiyar da su ke manne da ita, a tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta shanye, a bar masu kauri masu launin ƙasa-ƙasa. Sai dai a yi hankali da hannu, musamman wajen attarugu. Yajin ba a cikin ƙwaya ya ke ba, kamar yadda a ke zato, a wannan farar cibiya ya ke taruwa, ƙwayar shafa kawai ta ke samu. Ruwa ba ya wanke shi sosai, sai a shafa man gyaɗa kāna a wanke da sabulu. Ɗaya daga cikinmu ya raina wannan gargaɗi, ya sosa ido, ya kuwa yini bai ga allo ba. Tsuntsaye su kam ba su jin yajin nan ko kaɗan, su haɗiye ɗan barkono su kai ƙwayarsa wani wuri, shi ya sa a kan ga tsiduhu ya fito da kansa a gindin itace ko jikin danga, ba wanda ya shuka.

Wajen shanya ne laifi na biyu na tattasan kasuwa ya ke. Mun saba ganinsa shimfiɗe a kan dutse, ko rufin kwano, ko gefen kwalta, cikin tsakar rana, kwana da kwanaki. Ga miya wannan bai ɓata komi ba. Amma ƙwayar iri abu ce mai rai, akwai ɗan tsiro kwance a cikinta yana barci, zafin kwano da tsakar rana kuwa ya isa ya kashe shi ko ya raunana shi, alhali daga waje ba a ga alama ba. Saboda haka iri a inuwa a ke shanya shi, inda iska ke ratsawa, a baza shi a faifai ko rariya kada ya hau kan juna, a riƙa motsa shi kowace rana, a shigar da shi ɗaki da dare saboda raɓa. Mako ɗaya zuwa biyu ya kan isa. Gwajinsa shi ne a ɗauki ƙwaya a lanƙwasa: in ta karye ƙas, ta bushe; in ta tanƙwaru, da saura. Mai noman damina ya yi sa'a a nan, gama barkononsa yana nuna ne da kaka, iskar hunturu ta busar masa da shi ba wahala.

Abokan gāban iri a ajiye biyu ne, laima da zafi, laima kuwa ta fi ɓarna. Wani masanin iri a Jami'ar Kalifoniya, Harrington, ya ba da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk sa'ad da aka rage ruwan da ke cikin ƙwaya da kashi 1 cikin 100, kwananta ya kan ninka, haka kuma duk sa'ad da aka rage zafin ma'ajiyarta da digiri 5. Bisa wannan hanya ce aka gina babban rumbun iri na duniya a tsibiran Sibalbad na ƙasar Norwe, wanda aka buɗe a 2008, inda a ke ajiye iri cikin dutse a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Mu ba mu da dutsen ƙanƙara, amma muna da kwalba da toka. A sami kwalba mai murfi mai kamawa, a wanke ta ta bushe sarai. A zuba tankaɗaɗɗiyar toka busasshiya, ko garin gawayi da aka ɗumama a kasko ya huce, a ƙasanta. A ƙunshe irin a takarda, a rubuta sunansa da watan da aka ɗebe shi, a sa a ciki a rufe tun iska tana bushe. A ajiye ta a wuri mai duhu mai sanyi, kamar ƙuryar ɗakin ƙasa, nesa da murhu, nesa da rufin kwano. Amma fa a lura, irin da bai gama bushewa ba in aka toshe shi a kwalba ko leda, kabarinsa aka rufe, gama zai yi gumi ya yi fumfuna. Mai noman rani, wanda ke ɗibar iri da bazara ya tsallake damina duka da shi kafin ya yafa, shi ya fi kowa bukatar kwalban nan, kuma ya fi kyau ya raba irin gida biyu ko uku, don kada ya riƙa buɗe duka a cikin laimar Agusta.

Iyayenmu mata suna da tasu hanya, su tsire barkono a zare ko su ƙulle shi a tsumma su rataye a rufin ɗaki, sai lokacin shuka a fasa. Hanya ce mai kyau in za a shuka cikin 'yan watanni, fatar tana kāre ƙwaya, ɓera kuma ba ya son mai yaji. Aibinta biyu: busasshiyar fatar tana shan laima da damina, sa'an nan ranar da baƙi suka sauka da dare ba cefane, iri ne ke shiga tukunya.

Irin da aka busar aka ajiye yadda ya kamata ya kan kai shekara biyu zuwa uku yana tsirowa da kyau. Wanda aka bari a buɗe cikin zafi da laima, kafin shekara ta kewayo ya yi rauni. Ido ba ya rarrabe su, don haka sai an gwada a kan san na ƙwarai. Waɗansu su kan zuba iri a ruwa su ce mai nutsewa shi ne mai rai. Wannan yana da amfani sa'ad da aka fasa ɗanye, don fankon ya kan taso, amma ga busasshe ba abin dogara ba ne, gama mai rai ma ya kan yi iyo. Gwajin gaskiya shi ne na tsiro. Kamar wata guda kafin lokacin yafi, a ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a jera su a jiƙaƙƙen ƙyalle, a naɗe, a sa a ƙwarya a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe, kada kuma ya yi tsamo-tsamo. Barkono yana son ɗumi wajen digiri 25 zuwa 30, shi ya sa ya ke nawa da sanyin hunturu. Tattasai ya kan fara fasa baki cikin mako ɗaya zuwa biyu, attarugu kuwa mai jinkiri ne, ya kan kai mako uku, kada a yi saurin yanke masa ƙauna. In 80 ko fiye suka tsiro, iri ya yi. In wajen rabi ne, a ninka abin da za a yafa. In bai kai haka ba, a tashi neman wani tun da sauran lokaci. Ga malamin da ke fama da koya wa yara lissafin kashi cikin ɗari, ba mu ga abin da ya fi wannan ƙyalle ba.

Inda cutar tabon ganye ta saba ɓarna, masana su kan tsoma iri a ruwa mai zafin digiri 50 wajen minti 25 kafin shuka, sa'an nan su sanyaya shi su shanya. Wannan sai da ma'aunin zafi a hannu, kada wani ya ce zai auna da yatsa, don in ya ɗara kaɗan ya dafa irinsa. Mai taba kuma, ko sha ya ke yi ko ci, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa yabanya, gama akwai cutar ganyen taba da ke kama barkono ta wannan hanya.

Bana Baba ya ba mu tattasai goma sha biyu daga tushen da ya ɗaura wa tsumma, bisa sharaɗin in mun girbe mu mayar masa da ashirin da huɗu, mu kuma bar wa ajin da ke bayanmu kwalba guda. Mun fasa su, mun shanya a ƙarƙashin rumfa, kwalbar tana cikin akwatin kayan lambu da takarda manne a jikinta. Muna roƙon masu kula da ɗakin girki, in sun gan ta, su karanta takardar tukuna.